Addu'ar da Na Ja wa Surukaina a Bursa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai surukaina ziyara a birnin Bursa na ƙasar Turkiyya ba. Shekara uku ke nan, amma har yanzu in abin ya faɗo mini ina tuƙi, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi ni kaɗai a cikin mota.

Bari in fara da laifina, don ba wanda ya jawo mini sai bakina. Ni haifaffen Makka ne, a unguwar Mansur na tashi, kakana ne ya zo aikin Hajji daga Kano ya zauna. Aikina na kullum a wani ƙaramin asibiti yake, ina rubuta sunan marasa lafiya in nuna musu ɗakin likita. Amma duk lokacin Hajji nakan ɗauki hutu in shiga aikin alhazai, kuma shekara huɗu a jere wurin bas-bas na alhazan Turkiyya aka ajiye ni, tsakanin Arfa da Muzdalifa. A nan na koyi Turkanci. To, abin da ni na sa wa suna Turkanci ke nan. "Gel gel", wato zo zo. "Otur", zauna. "Bekle", jira. "Yawash yawash", a hankali. "Yok", babu. Sai babbarsu, "tamam", wato to, ya yi, wadda ko mu a Makka da ita muke kwana muke tashi. Da waɗannan na loda tsofaffi a mota shekara huɗu ba a taɓa kai ƙarata ba.

Da na tsaya a nan da lafiya lau. Amma matata Sa'adiyya tana son wasannin Turkawa da ake fassarawa da Larabci a talabijin, ni kuma in na zo wucewa sai in tsaya, in girgiza kai, in ce, "A asalin Turkancin ba haka ya ce ba." (Muryar Balarabe kawai nake ji kamar yadda take ji. Ban san ta ina nake jin asalin ba.) Ita kuma baiwar Allah ta ɗauka, ta kai labari gidansu a unguwar Zahir cewa mijinta yana jin Turkanci kamar ruwa.

Ku fahimce ni, ina da dalili. Mijin yayarta malamin jami'a ne, in ya buɗe baki a gidan, kowa sai ya yi shiru. Ni kuwa aikina a majalisar zuba gahawa. Surukina, Baba Haruna, dattijo ne marar magana, ya daɗe da barin kasuwa. Shekara biyu da aurenmu ban taɓa jin ya ce mini abin da ya wuce "Barka, ya waladi" ba, wato "ya ɗana". Surukata, Khala Binta, ita ke yin maganar su biyu, ga saurin dariya ga saurin hawaye. Ranar da ta ce a gaban kowa, "Ashe muna da tafinta a gida ba mu sani ba," wallahi sai da na ji na ƙara tsawo.

Da zafin Makka ya kai inda ya kai a wannan shekarar, Sa'adiyya ta kawo shawarar mu kai iyayenta Turkiyya su sha iska kwana goma. Khala ta ce, "Khalas, shi ke nan, tunda ɗana yana jin yarensu, me ya rage?" A nan ya kamata in ce wani abu. Sai na ce, "Ai kamar gida ne, Khala."

Mun sauka Istanbul, muka wuce Bursa. A otal ɗin wani mutum mai fara'a ya ce da Larabci suna da mai zagayawa da baƙi, in muna so. Na ɗaga masa hannu na ce, "Yok." Khala ta dubi Baba da alfahari, kamar na yi huɗuba. Abin da na dogara da shi shi ne karatun da na yi a waya cikin jirgi, kan Sultan Usman wanda ya kafa daular Usmaniyya, da cewa kabarinsa a garin yake.

Ranar farko komai ya tafi daidai, kuma ita ce ta cuce ni. Babban masallacin garin ba ya ɓuya, kowa can ya nufa, muka bi sahu. Na ƙirga musu kubbobi ashirin da yatsa, na nuna musu wurin alwala da ke tsakiyar masallacin da manyan rubuce-rubucen da ke jikin bango. Muka shiga kasuwar alharini, wani ya biyo Khala da mayafi, na ce masa "yok yok" ya koma. Muka zauna shan shayi a ƙananan kofunan nan masu ƙugu, na ce wa mai shayin "gel gel" ya zo. Da muka koma otal Sa'adiyya ta ce, "Ka fitar da ni kunya yau." Na ce wannan ai somin-taɓi ne, ta bari sai gobe.

Washegari na shirya na musamman. Farar jallabiya mai guga, jan shimagi a kai, turare. Na sanar da cewa yau kabarin Sultan Usman za mu. Wayata kuwa na tura ta can ƙasan aljihu, don a ganina wanda ya san gari ba ya tafiya yana kallon taswira.

Muka kai wata mararraba, hanya ɗaya ta hau tudu, ɗaya ta gangara. Ga wani tsoho yana sayar da burodin nan nasu mai kamar zobe da riɗi a jiki. Na matsa na yi sallama, na ce, "Sultan Usman?" Mutumin nan ya ji daɗin tambayar. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya shiga bayani, yana nuna sama, yana lanƙwasa hannu, yana ƙirga wani abu da yatsu. Ya yi kusan minti biyu. A cikin duk abin da ya faɗa, "yawash yawash" kaɗai na tsinta. Ina ta gyaɗa kai ina "tamam, tamam."

"Me ya ce?" in ji Khala.

"Ya ce nan kusa ne, mu bi a hankali."

Na dubi tudun, na tuna gwiwoyin Khala, na zaɓi gangara. Baba ya yi gyaran murya.

"Ya waladi, ba hawa za mu yi ba?"

"A'a Baba, waccan ta baƙi ce. Wannan ita ce ta 'yan gari."

Ya dube ni ɗan jim, ya ce, "Tayyib." Ya bi bayana.

Rabin awa muna cikin lunguna. Gidajen katako, kyanwoyi a kan kowace katanga, tsofaffin mata suna leƙenmu ta taga. Khala ta fara tsayawa tana dafa bango. Sa'adiyya ta matso ta ce a hankali, "Ka duba wayar mana." Na ce ba buƙata. A zuci kuwa ba irin addu'ar da ban yi ba, Allah Ya fito mini da wani abu mai kama da kabarin sarki.

Muna shan wata kwana sai ga shi. Tsohon gini na dutse da jan bulo, babbar kubba ɗaya da ƙanana kewaye da ita, kowace an jera mata ƙananan gilasai kamar idanu. Ta baya muka ɓullo masa, akwai ɗan fili da gajeriyar katanga da wata ƙaramar ƙofa a rufe. Tsufansa kaɗai ya ishe ni hujja. Na juyo na buɗe hannuwa.

"Alhamdu lillahi, mun iso."

"Masha Allah," in ji Khala, tana haki. "Nan yake kwance?"

"Ƙarƙashin babbar kubbar. Ƙananan na iyalansa ne."

Daga nan bakina ya kama aiki. Na ba su labarin yadda ya fara da 'yan dawakai kaɗan, da yadda jikokinsa suka yi wa Harami hidima. Wannan ɓangaren dai na karanta shi. Sauran kuwa a wurin na ƙera. Khala ta nuna wani farin hayaƙi da ke fita ta saman ginin, na ce turaren wuta ne, ba a barin sa ya mutu. Ta nuna wasu zannuwa masu ratsin ja da fari da aka shanya a igiya cikin filin, sun fi ashirin, na ce su ne ake lulluɓe kaburburan da su, kullum sai an canza. Ta ce, "Allahu Akbar, dubi yadda suke girmama na gaba." Ta ciro waya ta ɗauki hoto, ta kuma yi magana a ciki da muryar kuka ta aika wa 'yan'uwanta.

Sa'adiyya ta ja hannun rigata. "Ni fa ƙamshin sabulu nake ji."

"Irin turarensu ne," na ce. "Ba ki san Turkawa da tsafta ba?"

Baba yana tsaye da hannuwa a baya, yana kallon zannuwan.

Na ce tunda ƙofa a rufe take, sai mu yi masa addu'a daga nan. Na gyara shimagi, na fuskanci ginin, na ɗaga hannu. Ana cikin haka wasu masu yawon buɗe ido suka ɓullo ta lungun, da alama mutanen Malesiya ne, maza da mata sun kai goma. Suka ga mutum da farar jallabiya ya ɗaga hannu gaban tsohuwar kubba, suka rage tafiya. Khala ta nuna ni tana ce musu, "Makka, Makka!" Shi ke nan. Suka jeru a bayanmu, suka ɗaga nasu hannuwan.

Ni kuwa da na waiga na ga jama'a, sai wani abu ya shige ni. Ban taɓa jan ko sallar nafila a gaban surukina ba, yau ga ni da mamu har daga wata ƙasa. Na ɗaga murya, na sa mata ɗan karkarwa irin ta limamai. Na roƙa wa wanda ke cikin ginin nan gafara da rahama. "Amin!" Na roƙi Allah Ya yalwata masa wurin kwanciyarsa, Ya sanyaya masa shi. "Amin!" Khala tana ta sharɓar kuka. Na ɗauko addu'ar da ake yi wa mamaci, na zo daidai inda ake roƙon a wanke shi da ruwa da ƙanƙara, a tsarkake shi kamar yadda ake tsarkake farin tufa daga datti. Na ji daɗin wurin, har na maimaita shi sau uku.

A na ukun ne ƙaramar ƙofar ta buɗe.

Tururi ya fara fitowa. Sai wani ƙaton mutum mai gashin baki ya biyo bayansa, ba riga, ya ɗaura irin zanen nan mai ratsin ja da fari a ƙugu, takalman katako a ƙafa, tawul a wuya, kwando a hannu. Jikinsa ya yi jawur, gumi na zuba. Ya yi taku biyu ya tsaya cak, yana kallon mutum goma sha huɗu da suka ɗaga hannuwa suna fuskantarsa. Wani daga baya da bai gan shi ba ya ce "Amin" shi kaɗai.

"Inna lillahi!" Khala ta ja mayafi ta rufe fuska. "Wane ne wannan kuma a cikin kabari ba riga?"

Ko a nan ban saduda ba. Na ce, "Mai hidimar wurin ne, Khala, aiki yake yi." Mutumin ya yi magana, da alama tambaya ce. Na ce, "Tamam." Ya sake magana, yana nuna mu yana nuna ginin. Na ce, "Sultan Usman. Tamam?" Ya buɗe baki ya dube ni. Sai ya ajiye kwandon, ya kama cuɗa damtsensa da hannu yana nuna mini, yana faɗa da ƙarfi yadda ake yi wa kurma: "Hamam! Hamam!"

Wannan kalmar ba ta buƙatar tafinta. Kuma a bakin mutanen Makka, in an ce hammam, bayi ake nufi, wato banɗaki.

"Hammam?" Khala ta sauke mayafin. "Ɗana, bayi muka tsaya muna yi wa addu'a?"

Ban san abin da na amsa ba. Na san dai hannuwana suna sama har lokacin, na rasa yadda zan sauke su. Sa'adiyya ta juya ta fuskanci katanga, kafaɗunta suna rawa. Mutanen Malesiya suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dubi wani. Wani dattijo a cikinsu, Allah Ya saka masa, ya zo ya kama hannuna ya girgiza, ya ce "Barakallah", ya bi sauran da sauri.

Sai Baba ya tako gaba. Ya yi wa mutumin sallama, ya buɗe baki, Turkanci ya dinga zubowa. Ba irin nawa ba, na gaske, mai dogayen jimloli, har da wasa a ciki. Mutumin ya saurara, ya dube ni, ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Suka yi ta yi kamar tsofaffin abokai. Ni ina tsaye ina jiran in ji "yok" ko "bekle" ko wani abin da na sani, ko ɗaya bai zo ba.

Baba ya juyo ya ce wa Khala, "Ba bayi ba ne, Binta, kwantar da hankalinki. Gidan wanka ne na tururi, tsoho ne ƙwarai. Wannan bawan Allah shi ke cuɗa mutane, zannuwa ya fito kwashewa. Ya ce akwai mutum bakwai a kwance a ciki yanzu haka, duk da ransu. Ya ce a yi maka godiya, ya waladi, tunda yake aikin nan ba a taɓa zuwa an roƙa wa mutanensa sanyi ba, kuma suna buƙata."

Shekara talatin Baba ya yi yana sayar da carbi da dardumar salla a kusa da Harami, kuma yawancin masu sayensa Turkawa ne. Na san da shagon. Sa'adiyya ma ta sani. Ba wanda ya taɓa tambayarsa da wane baki yake ciniki, shi kuma ba mai faɗa ba ne.

Mai cuɗar ya rantse sai mun sha shayi. Ya shiga ya sa riga, ya zagaya da mu ta gaba, inda wani allo mai girman ƙofa yake ɗauke da sunan wurin, har da hoton tawul. Taku ashirin ne tsakaninsa da inda na tsaya. Muka zauna a kan benci, aka kawo shayi. Nawa ya huce a hannuna. Wayar Khala kuwa sai ƙara take, 'yan'uwanta daga Makka suna ta aiko da "Allah Ya karɓi ziyara", wata har tana cewa a shafo mata zanen ko ɗaya. Khala ta dube ni, ta dubi wayar, dariya ta ƙwace mata har da hawaye, ta danna ta fara ba su gyara dalla-dalla. Ina ji tana cewa, "Wallahi sau uku ya ce a wanke shi!"

Daga nan Baba ya shige gaba. Muka koma mararrabar, muka hau tudun da mai burodi ya nuna tun farko, Khala tana hutawa a hanya. Ga kabarin a sama, ga allo, ga masu ziyara, ga garin duka a shimfiɗe a ƙasa. A bakin ƙofa Baba ya tsaya ya ce, "Bismilla, ya waladi, ja mana."

"Tsaya tukuna," in ji Khala. "Sa'adiyya, leƙa ki gani ko akwai mai tawul."

Na yi addu'ar a taƙaice, da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji.

Da muke saukowa matan suka yi gaba, aka bar ni da Baba. Na daɗe ina juya maganar kafin na iya fitar da ita.

"Baba, ka yafe mini. Amma me ya sa ba ka tsayar da ni ba?"

"Na gwada a wurin mai burodi. Ka ce hanyar 'yan gari ce."

"A bayan ginin fa?"

"Ina neman yadda zan faɗa maka ba a gaban matarka ba, sai ka ɗaga hannu. Ba a katse mai addu'a. Kuma da ka zo wurin wankewa da ruwa, sai na ga ai ba ka yi nisa da batun ba."

Ban taɓa ganin haƙoran Baba ba sai ran nan. Ya dafa kafaɗata muna tafiya, ya ce shi ma da kalma biyar ya fara a shago, ya yi wata guda yana ce wa alhazai "sai da safe" da tsakar rana a zatonsa marhabin yake yi musu. "Bambancinmu," in ji shi, "ni ban kai labari gidan surukai ba." Har muka iso otal yana ba ni labarin kasuwa, maganar da ta fi duk wadda ya yi mini a shekara biyu. Sauran kwanakin shi ya riƙa yi mana tafinta, ni kuma na koma riƙe wa Khala jaka, kuma na iya wannan sosai.

Kafin jirginmu ya sauka Jidda labari ya riga mu isa. Yanzu daga Zahir har Mansur, in aka ce "Limamin Hammam" ba a tambayar wane ne. Wani ɗan'uwan Khala ma da zai gyara banɗakin gidansa sai da ya kira ni, wai in zo in sa albarka.

Abin da na koya bai da yawa, amma na riƙe shi da kyau. In dattijo marar magana ya yi gyaran murya ya ce "ba hawa za mu yi ba?", to hawa za a yi. Sannan duk ginin da na gani, komai tsufansa, komai girman kubbarsa, sai na zagaya ta gaba na karanta allo kafin in ɗaga hannu. In kuwa matata ta ce tana jin ƙamshin sabulu, to sabulu ne.